Darma a Rijiyar Aboabo

A Suwame na koyi fasa batir,
na dawo Aboabo na kafa rumfa bayan gida.
Shekara talatin ina zare darma
kamar mahauci na fid da kayan ciki,
ruwan batir kuwa in tuttule shi a kwata.
Kwata ba ta taɓa ce mini a'a ba.

Rijiyarmu taku ashirin ce daga rumfar.
Ni na biya kuɗin haƙa ta,
unguwa ta yi ta sa mini albarka.

Jikata Barikisu ta ɗebi ruwan a 'yar kwalba,
ta kai jami'a, ta dawo ran Talata da takarda.
Ko takalmi ba ta cire ba ta ce,
"Kaka, akwai darma a ruwan nan."
Na ɗaga moɗa na duba, garau kamar hawaye.
Na ce, "Ina take?"
Ta ce, "Ba ta da launi, ba ta da wari,
in ka tafasa, ruwa ya tashi ya bar ta zaune."

Sai na tuna Mutari, autan gidan,
da ke kwana da karatu ya tashi babu.
Sau nawa na ce masa daƙiƙi?
Ban tambaye ta ko darmar ce ba.
Ita ma ba ta ce komai ba.

Ran Asabar muka shiga Kejetiya.
Kwabena mai kwakwa ya ba mu ƙoƙuna buhu guda,
yana dariya wai yau shara ta yi kasuwa.
Muka ƙona su a rufaffiyar ganga
har suka yi baƙi ƙirin, suna ƙara kamar tangaran.
Na daka da hannun nan da ya yi ɓarnar.

Tsakuwa a ƙasa, sai yashi wankakke,
gawayin kwakwa ya hau kai,
ga ƙaiƙayin shinkafa da aka babbake,
ga garin 'ya'yan zogale da kakarta ke shanyawa a faifai.
Ta ce gawayi duk ƙofofi ne a ciki,
ɗakuna dubu da ido ba ya gani,
darma in ta shiga sai ta maƙale.
Na ce, "Ashe gidan haya ne, irin na Zango."

Ɗis.
Ɗis.
Daga la'asar zuwa isha'i, rabin bokiti.

Takarda ta biyu ta zo da sauƙi,
lambar ta sauka, amma ba ta kai ƙasa ba.
Barikisu ba ta iya ƙarya don daɗin baki:
"Ya rage, Kaka, bai ƙare ba.
Yara su sha na famfo tukuna,
mu kuma mu ƙara gawayi, mu sake aunawa."

Bayan wata biyu ta ce gawayin ya ƙoshi,
ɗakunansa sun cika, a canza shi.
Da asuba na juye shi a bokiti na fita,
ina tasbihi, hankalina na wani wuri.
Ban farga ba sai ga ni bakin kwata,
bokiti a karkace,
hannuna ya san hanya tun kafin in sani.

Na tsaya.
Ruwan kwata na wucewa ƙasa,
can inda wasu ke da rijiya, da nasu autan.

Na dawo da shi gida.
Yana cikin ganga yanzu, na liƙe murfin da siminti,
a rumfar da na daina buɗewa.
Barikisu na tambayar malamanta inda ake kai irinsa.
Kafin amsa ta zo, ni ke gadinsa.

Mutari kan zo ya zauna kusa da ni da littafinsa.
Ya karanta layi, ya manta, ya sake.
Na ce, "Sake kuma, ba sauri muke ba."